Ekklisiyar Gindin Dogon Yaro

A kowace majami'a ta Gusau da kewayenta akwai wani lokaci na sujadar safiyar Lahadi da manya suka fi ƙauna, ko da yake ba za su faɗa ba. An rera waƙar farko, an yi addu'ar buɗewa, sai mai jagora ya gyara murya ya ce, “Yara su fita.” Nan take benci ya ɗau ƙara, silifa ya ɓace wa mai shi, rabin ekklisiya ya tuttuɗe ta ƙofar baya. Manya su yi ajiyar zuciya, su baje a ƙarƙashin fanka. Waɗanda aka kora kuwa, in majami'ar birni ce mai ɗan hali, akwai wani ɗaki da aka soma ginawa tun zamanin faston da ya gabata, har yau ba a sa masa taga ba. In ta ƙauye ce, irin waɗanda ke wajen Tsafe da Bunguɗu ko ta hanyar Wanke, to gindin dogon yaro ne, da tabarma biyu da benci mai ƙafa uku. Makarantar Lahadi ke nan. Ba a biyan malamanta ko sisi, ba a sa hotonsu a kalandar ekklisiya, ba a yi musu taron ban-kwana in sun gaji. Aikin da ba shi da albashi kuma ba ya tankaɗe ma'aikata, duk wanda ya zo shi ne, shi ya sa za ka samu ire-iren mutane a gindin bishiyar nan da ba za ka same su a kan bagade ba.

Na farko shi ne Malam mai tsumagiya. Ya rantse rabonsa da dukan yaro tun kafin a ƙirƙiro jihar Zamfara a 1996, kuma mai yiwuwa gaskiya ya faɗa, amma ba ya fara darasi sai ya karyo reshe ya zage ganyensa a gaban kowa, a hankali, ganye ɗaya bayan ɗaya. Darasin da ya fi so shi ne na ƙauna. Yana faɗin Allah na ƙaunar yara yana buga benci da tsumagiya, ƙura na tashi, 'yan ƙanana na zaro ido suna gyaɗa kai. In ka tuna masa cewa Robert Raikes, ɗan jaridar nan na Gulosta a Ingila da ya yayata makarantar Lahadi tun 1780, ya tara yaran da ke aikin masana'anta kwana shida ne don ya koya musu karatu a ranar hutunsu, sai ya ce ai shi ma abin da yake yi ke nan, kuma wa ya gaya maka Baturen bai riƙe komai a hannu ba? Ba na goyon bayan tsumagiyar, amma in an yi adalci, ajinsa kaɗai ne ake jin muryar malami daga farko har ƙarshe.

Kusa da shi akwai Malama mai hadda. Ita duniyar nan gaba ɗaya gasar haddar aya ce, sauran al'amura kuwa share fage. Tun watanni kafin ranar gasa ta zaɓi dokinta, yawanci wata yarinya mai idon basira 'yar shekara tara, ta ɗora mata Zabura 119, wadda ke da aya 176. Ranar gasa yarinyar za ta harɗe hannu a baya, ta kafa ido a rufin kwano, ta zubo karatu ba numfashi. Kada Allah ya sa wani ya yi tari a tsakiya, don in ta tsaya ba ta da inda za ta kama sai ta koma aya ta ɗaya, ekklisiya kuma ta zauna jira. Mai karatu da ya tashi a makarantar allo ko Islamiyya ba sai an yi masa bayani ba, ya san wannan kallon rufin, ya san wannan malamar. Sauran yara kuwa sun daɗe da gano hanyar tsira. In aka ce kowa ya kawo ayar da ya haddace, sai ka ga ana ture-ture a kan Yahaya 11:35, wadda ba ta wuce kalmomi kaɗan ba, wanda ya makara ya faɗa kan Zabura 117, mai aya biyu tak. Malama ta hana waɗannan biyun sau da yawa, amma kowace shekara sai an haifi sababbin masu wayo.

Abokin hamayyarta wani dattijo ne da ke zama a gefe da sandarsa, ba a sa shi koyarwa ba, bai kuma yarda an sallame shi ba. Shi Littafi Mai Tsarki ɗaya ya sani, na 1932, wanda Likita Mila na Zariya da abokan aikinsa suka fassara. Wanda aka fitar wajen 1980 har yau “sabo” yake ce masa. Yaro ya miƙe ya ce Matiyu, Baba ya ce Matta. Yaro ya ce Yahaya, Baba ya ce Yohanna. A ƙarshe yara suka ɗauka almajiran sun fi sha biyu.

Amma in kana son dariya ta gaske, jira zuwan ɗan bautar ƙasa, wato Kofa. Tun da aka kafa shirin a 1973 yake kawo wa Arewa baƙi, a Tsafe ma aka gina sansaninsu na jihar nan, kuma a kowane zubi sai an samu wani mai zafin bishara daga Kudu wanda zuciyarsa ta ƙuna saboda yaran karkara. Ya iso da kaki da takalmin daji, da jita a kafaɗa, da Hausar da ba ta wuce “sannu” da “ba wahala” ba. Don haka dole a nemo masa tafinta, nan kuma labari ya canja hannu.

Tafintan makarantar Lahadi iri biyu ne. Akwai mai rowa: Kofa ya yi minti uku yana zuba Turanci, yana tsalle, yana nuna sama, yana share gumi, tafinta ya dubi yara ya ce, “Ya ce ku yi hankali.” Akwai kuma mai kyauta, wanda ya daɗe yana jiran a ba shi wa'azi dattawa ba su ba shi ba. Wannan in Kofa ya faɗi kalma huɗu, shi sai ya buɗe babi. Ya kawo karin magana, ya kawo labarin kakarsa, ya biya ta kan yaran da ke satar mangwaro a bayan gidansa, ya nuna su da baki. Kofa na tsaye yana murmushi yana mamakin yadda Hausa ke da tsawo. Na taɓa ganin an ba da labarin Dauda da Goliyat ta wannan hanya, kafin a gama Goliyat ya zama ɗan dambe mai kirari da makaɗa, Dauda kuma yaron kiwo da ɗanko a aljihu. Yaran ba su manta labarin ba har abada, sai dai ba lalle ne su gane shi ba in suka buɗe Sama'ila ta Fari sura 17. Shekara na cika Kofa ya ɗauki hoto da kowa, ya yi hawaye, ya yi alkawarin dawowa, ya tafi. Tafinta yana nan, yana jiran na gaba.

Sai Ofisan Birged, ƙungiyar faretin yara maza ta majami'a. Ran Asabar da yamma za ka ji shi kafin ka gan shi: ganga, begila, da wata murya da ke ba da umarni cikin Turancin da ko Sarkin Ingila sai ya nemi tafinta. A ranakun mako tela ne ko malamin firamare, mutum mai sanyin hali da matarsa ke aika sayen gishiri. Da ya sa hula ya ɗaura bel, sai ka rantse shi ya ci Yaƙin Bama. Zai gaya maka ba tare da ka tambaya ba cewa William Alexander Smith ne ya kafa ƙungiyar a Gilasgo a 1883, ta iso Legas a 1908, ta 'yan mata kuma ta faro daga Dablin a 1893. Ya nuna maka tambarin da ke ƙirjinsa, wato ƙugiyar da ake tsayar da jirgin ruwa da ita, ya yi maka bayanin ma'anarta da kakkausar murya, alhali shi da yaransa babu wanda ya taɓa ganin ruwan da ya wuce Gulbin Sakkwato a watan Agusta ko madatsar Bakolori. Rabin rundunarsa ba su san hagu da dama ba. In ya ce a juya dama, sai biyu su yi karo da goshi, na ƙarshe ya bi ganga ya nufi rijiya. Duk da haka, ranar jana'iza ko ɗaurin aure ko babban taro, su ne ke jera kujeru, su tare hanya, su ɗauki tsofaffi zuwa inuwa, su tsaya a rana ba wanda ya tuna ya miƙa musu ruwa. Ina yi masa dariya, amma yaron da ya wuce ta hannunsa ya iya zuwa kan lokaci, ya iya goge takalmi, ya iya tsayawa a layi, abubuwa uku da jami'a ba ta koyarwa.

A Zumuntar Matasa kuma akwai wanda ake kira Metusela a bayan idonsa, don tunawa da mai shekara 969 ɗin nan. Tarayyar Afirka ta ce matashi daga shekara 15 ne zuwa 35. Shi ya wuce nan tun ana sayen katin waya na karcewa, furfura ta keto, 'yarsa ta fari tana cikin mawaƙa, amma shi ne shugaban matasa, kuma kowane zaɓe sai ya miƙe ya ce ya so ya sauka, 'yan'uwa ne suka matsa. Duk jawabinsa da “mu matasa” yake farawa. In wani saurayi ya kawo shawarar a buɗe wa zumunta zauren WhatsApp, sai ya ce a kafa kwamiti. In aka ce a canja ranar taro, sai ya ɗauko tarihin yadda suka taka da ƙafa zuwa ƙauyuka da 'yan Sabon Rai, suna waƙa da ganga da kacau-kacau, lokacin da ku ba a haife ku ba. Ba ƙarya yake yi ba, shirin Sabon Rai Don Kowa tun shekarun 1960 yake zaga Arewa, kuma mutumin ya taka ɗin. Matsalar ita ce in ya sauka daga shugabancin matasa, Zumuntar Maza ce ke jiransa, can kuma shi ne ƙarami, shi za a aika sayo lemo.

Kishiyarsa ita ce ɗalibin da ya dawo hutu daga Jami'ar Tarayya ta Gusau ko kwalejin kimiyya da fasaha ta Ƙaura Namoda, ya sha zumuntar ɗalibai ta FCS, wadda aka faro a Gindiri a 1957, ya dawo da wuta a ka. Addu'ar da dattawa ke yi a zaune shi a tsaye yake yin ta, yana kai da komo, yana sara iska da hannu. Ya tara yara 'yan shekara shida ya tambaye su ko sun gano manufar rayuwarsu. Wani ya ɗaga hannu ya ce fitsari yake ji.

Ba zan daɗe a kan mai piyano ba, kowa ya san shi: yana zuwa a makare, ya ƙure lasifika, in janareta ta mutu sai ya naɗe hannu kamar sujada ta ƙare, har sai matan Zumunta sun ɗauko tulunansu sun ceci waƙar. Haka ma ɗan'uwan da bai taɓa fashin koyon waƙa ba, ba don yana da murya ba. Kullum kujerarsa na fuskantar layin 'yan mata, kullum yana da wahayin da aka nuna masa cikin dare, kuma wahayin nan a shekara biyu ya sauka a kan mutum uku daban-daban. Maman Fasto ta riga ta gane shi tun ranar farko, tana dai jira ne ya kawo kansa.

Watan Disamba na shiga, hunturu ya fara fasa leɓe, sai mai shirya wasan Kirsimeti ta tashi daga barcin wata goma sha ɗaya. Wannan mata ce mai haƙuri da iyaye suka mayar mafaɗaciya. Kowace uwa ta tabbata 'yarta ce ta dace da Maryamu. Ba mai son ɗansa ya zama tunkiya. Yusufu kullum yaro ne mai kunya da ba ya yarda ya tsaya kusa da Maryamu don kada a tsokane shi a makaranta har Ista. Mala'ika ya yafa zanin gadon wani gida, ana ganin tambarin kamfanin a gefe. Masanan nan na gabas sun sha rawani da babbar rigar iyayensu, suna tuntuɓe da ita, kyautar da suka kawo kuwa gwangwanin madara ne da aka naɗe da takardar ƙyalli. Amma tauraron wasa, kowace shekara, a kowace majami'a, Hirudus ne. Akan ba yaron da ya fi kowa rashin ji, shi kuma ya samu ranar da aka halatta masa abin da ake dukansa a kai. Ya zauna a kujerar Fasto, ya sa baƙin tabarau, ya daka tsawa, ya kori dogarai, ya ƙara maganganun da ba su cikin takarda. Ekklisiya ta kwashe da dariya, tsofaffi na share hawaye, ana manna masa kuɗi a goshi. Mai shirya wasa na bayan labule ta dafe kai, don an tashi taro kowa na zancen mugun sarki, jaririn da aka taru dominsa kuwa, 'yar tsana ce a cikin kwali, wani ƙaramin makiyayi ya zauna a kai.

Su kansu yaran ba a rasa gwanaye a cikinsu. Akwai mai amsa ɗaya: duk tambayar da aka yi, wa ya gina jirgi, wa kifi ya haɗiye, wa ya hau itace don ya hango, shi dai “Yesu” zai ce, don ya lura ba a dukan mai wannan amsa. Akwai mai lissafi, wanda aka ba naira hamsin ta baiko, ya biya ta wurin mai awara a bakin ƙofa, ya zo ya tura hannu cikin jaka a dunƙule ya fito da shi a buɗe, fuskarsa cike da tsoron Allah da mai. Akwai ɗan Fasto, wanda ake sa ran ya fi kowa sani don kawai a gidansu ake ajiye makullin majami'a, bawan Allah.

Akwai wani kuma da a da muke yi wa dariya, yanzu mun daina. Shi ne mai ƙidaya. Kafin a fara sai ya ƙirga kawuna, a tsakiya ya sake, in an tashi ya tsaya a ƙofa ba yaron da zai wuce sai ya ga wanda ya zo ɗaukarsa. A da cewa ake yi ya cika tsanani, wa zai saci yaro a majami'a? Sai ga shekarar 2021: a watan Fabrairu aka kwashe 'yan mata 279 daga makarantar Jangebe, a watan Satumba aka rufe makarantu da kasuwannin mako, aka katse layukan waya a jihar baki ɗaya. Hanyar da ta bi ta Wanke da Magami zuwa Ɗansadau ta zama wadda ake addu'a kafin a hau. Masifar ba ta tambayi addinin kowa ba, malamin Islamiyya da na makarantar Lahadi tsoro ɗaya suke kwana da shi. Taron matasa na kwana da kwanaki a ƙauye ya koma na yini ɗaya a cikin gari, addu'ar dare ta koma ta la'asar, ajin birni ya cika da yaran da iyayensu suka baro gonaki. Yanzu in mai ƙidaya ya ce saura ɗaya, har Metusela tashi yake ya duba bayan ɗaki. Galibi akan samu yaron a wurin mai awara.

Wadda ba ta da muƙami ko kaɗan ita ce Inna. Ba ta iya karatu ba, ba ta taɓa koyar da darasi ba, ba wanda ya san ranar da ta fara zuwa. Tana zaune a ƙarshen tabarma da goyon da ba nata ba, da wani a cinya, da ƙullin ƙuli-ƙuli a haɓar zani. Ita ke share majina, ita ke raba faɗa, ita ke raka mai jin fitsari. Ta san wanda ya zo bai karya ba, ta san wanda uwarsa ke kwance, ta san baƙon yaron da ba ya magana daga wane ƙauye aka gudo da shi. In Malam mai tsumagiya ya ɗaga hannu da gaske, kallo ɗaya take yi masa ta ce, “Malam, yaron ga nawa na,” sai ka ga reshe ya koma nuna allo. Duk yaran ajin nata ne, in ka bi ta bakinta.

Sau ɗaya a shekara ake tunawa da su duka, ranar Lahadin yara. A ranar yaro ke jagora, yarinya ta karanta nassi, wani ɗan shekara goma sha biyu ya sa kwat ɗin da ya fi ƙarfinsa ya yi wa'azi yana kwaikwayon tarin Fasto. Daga nan sai dattijon ekklisiya ya karɓi makirfo ya ce yara su ne manyan gobe, ice tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, duk ekklisiyar da ba ta da yara ta mutu ba ta sani ba. A tafa. Wannan dattijon dai shi ne ke zaune kusa da ma'aji ran taron kasafin kuɗi. An ware na fentin bagade, an ware na sabuwar lasifika, an ware na tarbar baƙi daga gunduma. Malama mai hadda ta miƙe a bayan ɗaki ta ce, “Baba, batun tagar ajin yara fa, da benci?” Dattijo ya dubi ma'aji, ma'aji ya dubi littafi, ya juya shafi, ya dawo da shi.

“Malama, ai bara mun ba ku alli.”